Garin mutum 14 da ya ƙi zama kufai: tambaya a kan Nicodemus ta jihar Kansas

Ɗan Autan Inna:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga malamanmu ne masana tarihin Amurka. Akwai wani ɗan ƙauye a jihar Kansas mai suna Nicodemus, wanda ƙidayar 2020 ta ce mutum 14 ne kacal a cikinsa. An ce baƙaƙen fata da suka fito daga bauta ne suka kafa shi, kuma gwamnatin tarayya ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa.

Abu uku ya ɗaure mini kai. Mutumin da jiya-jiya yake bawa, ba shi da na yau balle na gobe, ta wace hanya ya mallaki gona? Da me suka yi gini a filin da aka ce sai ka yi tafiyar wuni ba ka ga inuwar bishiya ba? Sannan me ya cinye garin, kuma me ya hana shi mutuwa ɗungurungum kamar sauran ƙauyukan yankin da suka koma kango? Don Allah a yi mini dalla-dalla, ba a dunƙule ba.

Malam Mai Alli:

Wa alaikumus salam, Auta. Bari in ɗauki ta farko, maginan cikinmu su ji da ta biyu.

Hanyar ita ce dokar rabon gonaki da Shugaba Abraham Lincoln ya sa wa hannu ranar 20 ga Mayu, 1862. Ta ce duk magidanci, ko wanda ya kai shekara 21, namiji ko mace, zai iya karɓar eka 160 daga filin gwamnati. Eka 160 fili ne mai rabin mil a tsaye da rabin mil a kwance, wajen hekta 65 ke nan. Amma ƙofar ba ta buɗe wa baƙar fata sosai ba sai da aka haramta bauta a 1865, aka kuma tabbatar musu da zama 'yan ƙasa a dokar 1866 da gyaran tsarin mulki na 1868, domin sharaɗin farko shi ne ka zama ɗan ƙasa ko mai neman zama.

Ga yadda ake yi. Ka zaɓi fili, ka tafi ofishin filaye na yankin, wanda ga mutanen Nicodemus yana garin Kirwin. Ka biya dala 10 kuɗin rajista da dala 2 ladan jami'i. Ka koma ka yi ɗaki, ka nome wani sashe, ka zauna shekara 5. In wa'adi ya cika ka zo da shaidu biyu su rantse cewa ka zauna ka kuma noma, ka biya cikon dala 6, a ba ka takardar mallaka. Jimla dala 18. Mai kuɗi yana iya gajarta jiran: bayan wata 6 ya biya dala 1 da santi 25 a kowace eka, wato dala 200. Wannan ba ta talaka ba ce.

Inda ake faɗuwa shi ne sharaɗin zama. Ka bar filin fiye da wata 6, wani na iya kai ƙara a ƙwace. Ga shi kuwa filin bai ciyar da kai a shekarar farko, dole ka fita ƙwadago. Shi ya sa maza kan tafi aikin layin dogo ko gonakin wasu na 'yan watanni, mata da yara su tsare gida don hayaƙi ya ci gaba da tashi. Kuɗin rajista ba shi ne tsadar ba. Tsadar tana wajen garma, dabbar ja, iri, da abincin da zai kai ka girbin farko.

Shi kansa garin a 1877 aka kafa shi, shekarar da aka janye sojojin tarayya daga harkar mulkin jihohin kudu, baƙaƙen fata suka ga alamar abin da ke tafe. Wani Bature dillalin filaye, W. R. Hill, wanda ya kafa Hill City, ya haɗa kai da wasu baƙaƙen fata, cikinsu har da limamin coci W. H. Smith wanda ya shugabanci kamfanin kafa garin. Suka bi coci-coci a Kentaki suna talla. Akwai takardar shela da aka raba a birnin Lexington na Kentaki mai cewa duk mai son tafiya Kansas ranar 5 ga Satumba, 1877 zai iya a kan dala 5. Wajen mutum 300 suka taso a wannan ayari. Jirgin ƙasa ya sauke su a Ellis, sauran mil 35 ɗin kuwa akasari a ƙasa aka taka.

Kuskuren yana cikin kwanan watan nan. Wanda ya isa a Satumba ya makara ga shukar masara, ga sanyin hunturu a bakin ƙofa, ga shi ba dabbobin huɗa. Da yawa da suka ga wurin suka juya. Waɗanda suka tsaya sun ci da taimakon da aka roƙo daga garuruwan gabashin jihar, kuma zuriyarsu har yau suna faɗin cewa 'yan ƙabilar Osage, 'yan asalin ƙasar Amurka, da suka biyo ta wurin daga farauta sun raba musu nama.

Gyara ɗaya, tunda ana yawan cakuɗa su: babban ƙauran baƙaƙen fata zuwa Kansas na 1879 daban ne. Nicodemus ta riga shi da shekara biyu.

Sarkin Magina:

Malam ya share fage. Auta, amsar ta biyu ita ce da ƙasar da suke takawa suka yi gini, kuma hawa uku aka bi.

Hawan farko rami ne. A nemi gefen tudu ko gaɓar rafi, an fi son mai fuskantar kudu don a juya wa iskar arewa baya. A haƙa ciki kamar faɗin ɗaki guda, bango uku ƙasar tudun ce, na gaba kaɗai ake ginawa a sa ƙofa da 'yar taga. A jera azara a sama, a shimfiɗa rassa da ciyawa, a rufe da ƙasa, a huda wa bututun murhu. Daga nesa ba ka ganin komai sai hayaƙi. Willianna Hickman, matar wani limami da ta zo da ayarin 1878, ta ba da labari a tsufanta cewa da aka ce mata ga Nicodemus can, ta duba ba ta ga gari ba sai hayaƙi na fitowa daga ƙasa, ta fashe da kuka. Illar rami biyu ce. In ba a ja lambatu daga bakin ƙofa zuwa gangare ba, ruwa ɗaya zai mai da ɗakin tafki. Sannan rufin daidai yake da doron tudu, saniya na iya bi ta kai ƙafarta ta ɓurma.

Hawa na biyu shi ne tubalin ciyawa, kuma nan ne gwanintar take. Ciyawar wannan fili gajera ce, amma saiwarta ta saƙu kamar tabarma. Ana yanka ƙasar da saiwar a jikinta, faɗin inci 12, kaurin inci 4, a datsa tsawon ƙafa 2 zuwa 3. Kowane tubali ya kai nauyin laba 50.  Ƙa'idojin:

A yanka lokacin da ƙasa ke da laima, kuma kada a yanka fiye da abin da za a jera a ranar. Ya kwana ya bushe, zai marmashe a hannu.

A kifa shi, ciyawa na kallon ƙasa, saiwa na sama. A jera biyu ko uku a kauri, gaɓa ba ta hawa kan gaɓa. Kowane sahu na uku ko na huɗu a gitta shi, don ya ɗaure layin ciki da na waje. Wanda ya tsallake wannan, bangonsa zai rabe biyu a tsaye.

A bar tazarar inci 4 zuwa 6 a saman katakon taga da na ƙofa, a cusa tsumma ko ciyawa. Bango na zama da inci da yawa a shekarar farko. Ba tazara, nauyin zai sauka kan katako, gilashi ya fashe, ƙofa ta ƙi buɗuwa. Saboda wannan zaman ne kuma ba a gaggawar yaɓe, sai bango ya gama natsuwa.

Rufi shi ne ciwon kai. Ka sa ƙasa da kauri, nauyinta in ta jiƙe ya karya azara. Ka sa kaɗan, yoyo. Ko an daidaita, ruwa zai ɗauke a waje amma a ciki a yi kwana biyu ana ɗiga. Mata kan ɗaura farin yadi a ƙarƙashin rufin don ya tare ɓurɓushin ƙasa da ɓera da maciji. Amfaninsa dai ba ya musantuwa: bango mai kaurin ƙafa 2 zuwa 3 na riƙe ɗumi da hunturu, da sanyi lokacin zafi, gobarar daji ba ta cinsa, iska ba ta ɗaukarsa.

Hawa na uku dutse ne, wani farin dutse na yankin da in an fasa shi sabo yana da laushin da zarto zai yanka, in ya sha iska ya taurare. Da shi aka gina otal ɗin St. Francis a 1881 da cocin da aka kammala a 1885. Cocin Baptis na garin ya bi duka hawa ukun: rami, tubalin ciyawa, sannan dutse, har ginin 1907.

Makamashi kuwa, tunda itace na bakin kogin Solomon da ke kusa da garin ne kawai kuma bai taka kara ya karya ba, da karan furen rana da busasshen kashin dabbobi ake girki. Sun kuma tsinci ƙashin ɓaunar Amurka da mafarauta suka karkashe, suna sayarwa ana kai wa masana'antar taki. A kula da ƙugiyar, jama'a: na farko a murhu, na biyu a kasuwa.

Ɗan Autan Inna:

Allah ya ƙara basira, Malam da Sarki. To ai wannan ya ƙara mini mamaki. Mutanen da suka fito daga rami har suka kai ga gidan dutse cikin shekara huɗu, me zai kayar da su kuma?

Malam Mai Alli:

Jirgin ƙasa, Auta. A tsakiyar shekarun 1880 garin ya cika ya batse: shaguna, otal, banki, maƙera, jaridu har biyu. Ɗaya daga mazaunansa, Edward McCabe, an zaɓe shi babban mai binciken kuɗi na jihar Kansas baki ɗaya a 1882, ya sake ci a 1884. Duk wannan haɓaka a kan sa ran zuwan layin dogo aka gina ta. A 1887 mutanen suka kaɗa ƙuri'a suka amince da bashin dala 16,000 don jawo kamfanin Missouri Pacific. Bai zo ba. A 1888 Union Pacific ya shimfiɗa nasa layin ta kudancin kogi, ya bar Nicodemus da 'yan mila-milai, sansanin ma'aikatansa ya zama garin Bogue. 'Yan kasuwa suka kwashe, wasu har da gine-ginensu na katako.

Dalilin da ya sa 'yan milan nan suka zama hukuncin kisa shi ne keken doki. Manomi mai lodin alkama yana son tashar da zai je ya dawo a wuni guda, shi ya sa kamfanoni kan dasa tasha kowane mil 7 zuwa 10. Inda ya sauke hatsi nan zai karɓi kuɗi, inda ya karɓi kuɗi nan zai sayi gishiri da ƙusa da yadi. Garin da ba tasha ba rumbun saye, garin da ba rumbu ba ciniki.

Hajiya Mai Lissafi:

Malam, a gafarce ni, zan ɗan ja da kai. Jirgi ya kashe kasuwar Nicodemus, gaskiya ne, amma bai kori manoma ba. Sun ci gaba da zama a gonakinsu shekaru aru-aru bayan 1888. In da jirgi ne kaɗai, da yau Bogue birni ce. Ita ma 'yar mitsitsiya ce, mutanenta ba su kai 200 ba. Abin da ya kwashe mutane lissafin ƙasa ne, kuma kowa na iya bugawa.

An yanka filayen yammacin Amurka murabba'i-murabba'i tun tsarin 1785. Gunduma guda mil 6 ce da mil 6, kashi 36, kowane kashi eka 640, jimla eka 23,040. A Kansas an ware kashi na 16 da na 36 don tallafin makarantu. Saura 34, kowanne na ɗaukar gona huɗu masu eka 160, gida 136 ke nan. In kowane gida na da yara huɗu ko biyar, ga makaranta cike, ga coci cike, ga mai shago na ciniki.

Amma eka 160 ma'auni ne na gabas mai ruwa. Nicodemus tana dab da layin da ruwan shekara ke sauka zuwa wajen inci 20, kuma ba kullum yake cika hakan ba. Tun 1878 masanin ƙasa John Wesley Powell ya gaya wa gwamnati a rahotonsa cewa a ƙasar fari gidan makiyayi na bukatar eka 2,560. Ba a saurare shi ba. Daga baya manoman yankin suka koyi hutar da rabin gona kowace shekara don ƙasa ta tara laima, a shuka alkama wajen Satumba ko Oktoba, ta kwana ƙarƙashin sanyi, a girbe a Yuni ko Yuli. Ka ga mai eka 160 a zahiri 80 yake girbewa.

Da tarakta da injin girbi suka zo, mutum ɗaya na iya aikin mutum goma, amma injin bai biyan kuɗinsa sai a babbar gona. Dole maƙwabci ya haɗiye maƙwabci. Yau matsakaiciyar gona a Kansas wajen eka 800 ce, na yamma sun fi haka nesa. Raba 23,040 da 800, gida 29. In gonar eka 2,000 ce, gida 11 ko 12. Daga 136 fa. Ba wanda ya kori kowa da bulala, amma makarantar da ta yi ɗalibai cike da aji ta koma ana ƙirga su da yatsu. Gidan waya ya rufe a 1953, makarantar ta bi baya wajen 1960.

A kan wannan sai a ɗora farin shekarun 1930 da guguwar ƙura, lokacin da gonaki suka yi ta tafiya a gwanjon bashin banki da na haraji. Sai kuma abin da ya keɓanci baƙar fata: wariya wajen rancen noma. Wannan ba zargi ba ne kawai, ma'aikatar gona ta Amurka ta shiga sulhu a shari'ar Pigford, wadda manoma baƙaƙen fata suka shigar, a 1999 kan haka. Manomin da rancensa ya fito bayan lokacin shuka ya wuce, da shi da wanda aka hana duk ɗaya. A 1920 manoma baƙaƙen fata a Amurka sun kai wajen 925,000, a ƙidayar gona ta 2017 ba su cika 50,000 ba.

Akwai kuma tarkon gado. Mai gona ya rasu ba wasiyya, filin ya zama na magada a dunƙule. Bayan zuriya uku masu haƙƙi sun kai gommai, a warwatse a birane. Kowa na zaton wani ne ke biyan haraji. Ko kuma baƙo ya sayi kason mutum ɗaya, ya je kotu ya nemi a raba, kotu ta ce a sayar da duka a raba kuɗi.

Gwaggon Yara:

Sannunku da ƙoƙari. Auta, saura rabin tambayarka ta uku: me ya hana shi mutuwa.

Ka fara gyara lissafinka. Mutum 14 masu kwana ne. Masu garin sun fi haka ninkin-ba-ninkin, suna Denver, Topeka, Kansas City da Kalifoniya. Abin da ke ɗaure su shi ne bikin 'yanci da aka fara tun 1878. Asalinsa 1 ga Agusta ne, ranar da dokar haramta bauta a ƙasashen da Ingila ke mulka ta fara aiki a 1834, ranar da baƙaƙen Amurka suka daɗe suna raya ta tun kafin nasu 'yancin. Ta kuma faɗo daidai, an gama girbin alkama, hannu da ɗan abu. Yanzu ana yinsa a ƙarshen makon ƙarshe na Yuli, ya zama bikin komawa gida. Ɗaruruwa ke zuwa: jerin gwano a titin garin, ciye-ciye, rawa, ziyarar maƙabartu, a rufe da ibada ranar Lahadi. A ganina amfaninsa ya wuce shagali. Taron da ke da tsayayyen lokaci ba ya bukatar gayyata, kuma nan ne jika ke sanin gonar kakansa, dangi su zauna a kan wa zai biya haraji, wa za a ba haya. Maganin tarkon da Hajiya ta faɗa ke nan.

Na biyu, garin ba shi da magajin gari. Hukumar gunduma ce ke riƙe shi, kuma a Kansas mutum uku ce zaɓaɓɓu: wakili, magatakarda da ma'aji. Zaurenta, wanda aka gina da dutsen yankin a 1939 ƙarƙashin shirin samar da aiki na zamanin Shugaba Roosevelt, shi ne wurin taro, nan kuma ake karɓar baƙi masu ziyara.

Na uku, takarda. An ayyana garin a matsayin alamar tarihi ta ƙasa a 1976. A 1988 zuriyar mazaunan farko suka kafa ƙungiyar tarihi, suka bi gida-gida suna tattara hotuna da labaran tsofaffi. Da wannan aka je majalisa, har aka sa hannu a dokar 12 ga Nuwamba, 1996 da ta sa wurin ƙarƙashin hukumar kula da wuraren tarihi ta tarayya. Gini biyar dokar ta dogara a kai: coci biyu, otal ɗin St. Francis wanda gidan Z. T. Fletcher ne, ma'aikacin gidan waya na farko, sai makarantar 1918 da zauren gunduma.

Sai dai kada ka ɗauka gwamnati ta saye garin. Akasarin filaye da gine-ginen na hannun masu su, kuma nan gizo ke saƙa. Hukuma ba ta iya taɓa ginin da ba nata ba sai da yarjejeniya, yarjejeniya kuma na bukatar sa hannun masu haƙƙi, waɗanda wani lokaci sai an yi cigiyarsu jiha-jiha. Kafin a gama, rufi ya yi yoyo, ruwa ya shiga jikin farin dutsen nan, sanyi ya daskarar da shi, dutse ya tsage.

Sarkin Magina:

Gwaggo ta taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ƙari ɗaya ga mai sha'awar gyaran irin wannan gini: kada a cike gaɓar dutse mai laushi da siminti. Siminti ya fi dutsen tauri kuma ba ya numfashi, sai laima ta rasa mafita ta bi ta jikin dutsen, fuskarsa ta riƙa ɓarewa. Kwaɓin farar ƙasa da yashi ake so, kamar farar ƙasa kashi 1 yashi kashi 3, don in wani abu zai lalace, kwaɓin ya lalace a sake, dutsen ya tsira. Kuma rufi da indararo ake fara gyarawa kafin a taɓa bango.